Faci a Kan Faci: Yadda Ake Gyaran Editan Vim da Inda Rubutun Hausa Ya Shigo

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ya mayar da hirar da ya naɗo zuwa rubutu ya san cewa aikin ba ya ƙarewa da buga kalma ta ƙarshe. Bayan rubutawa akwai ƙidaya: sau nawa kalma kaza ta zo, a wane muhalli, da wane karin sauti. A wannan mataki ne manhajar da ake rubutun a cikinta take zama abokiyar aiki ko mai yankan baya. A ƙaddara ɗalibi ya nemi kalmar mā̀tā a cikin matani mai shafi 200, manhaja ta nuna masa wurare 40, alhali kalmar ta zo sau 55. Babu saƙon gargaɗi da zai fito a fuskar kwamfuta. Adadin da ba daidai ba zai shiga jadawali, daga jadawali ya shiga kundin digiri, daga nan wani ya kafa hujja da shi.

Wannan maƙala ta ɗauki manhaja ɗaya, wato editan rubutu mai suna Vim, domin nuna yadda ake gano irin wannan tangarɗa da yadda ake gyara ta. Abin da tarihin Vim ya nuna shi ne, a manhajar da kowa yake iya duba cikinta, kuskuren da wani ya iya bayyanawa dalla-dalla shi ake gyarawa. Bayyana halayyar rubutu dalla-dalla kuwa aiki ne da ɗaliban kimiyyar harshe suka fi kowa horo a kansa.

Asalin Vim

Editan rubutu manhaja ce da ake rubuta tsagwaron matani da ita, babu kwalliyar shafi, babu zaɓen launi ko girman harafi a cikin fayil ɗin kansa. Masu shirya manhajoji da shi suke aiki, haka ma masu nazarin harshe da suke tsara rumbun matani, jerin kalmomi, ko kundin da aka rubuta da LaTeX.

A 1976 Bill Joy ya rubuta edita mai suna vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka. A 1988 wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Bram Moolenaar, ya so yin amfani da irinsa a kwamfutarsa ƙirar Amiga. Sai ya ɗauki wani edita mai suna Stevie, wanda shi ma kwaikwayon vi ne, ya shiga gyara shi yana ƙara masa abubuwa. Ya fitar da sakamakon ga jama'a a watan Nuwamba na 1991 da sunan Vim. Da farko ma'anar sunan ita ce kwaikwayon vi, daga baya aka mayar da ita ingantaccen vi. Moolenaar bai sayar da manhajar ba. Abin da ya roƙa shi ne wanda ya ji daɗinta ya taimaka wa wata cibiyar kula da yara a Kibaale, ƙasar Uganda, ta hannun ƙungiyar ICCF Holland.

Vim manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe. Ma'ana, rubutun umarnin da aka gina ta da shi, wanda akasarinsa da harshen C aka yi, a fili yake: kowa yana iya karanta shi, ya gwada canji, ya aika wa masu kula da aikin. Tun 2015 ma'ajiyar wannan rubutu tana dandalin GitHub.

Faci: Matsala da Magani

Masu shirya manhaja a Turance suna kiran kuskuren cikin manhaja da sunan ƙwaro, gyaransa kuma suna kiransa da kalmar nan da Hausa ta daɗe da arowa ta mayar da ita faci, wadda aka sani a bakin mai gyaran taya da tela. Kamar facin taya, facin manhaja ƙaramin gyara ne da ake mannawa a daidai inda ya huje, ba tare da an sake ƙera abin gaba ɗaya ba.

Tsarin da Moolenaar ya kafa yana da sauƙin fahimta. Kowane faci yana da lamba. Lamba kamar 8.1.1365 tana nufin fitowa ta 8.1, faci na 1365. Kowane faci kuma yana zuwa da bayani mai sassa biyu: layin da ya faɗi matsala, da layin da ya faɗi magani. Sau da yawa ana rubuta sunan wanda ya kawo rahoton ko ya rubuta gyaran. Idan faci ya taru da yawa sai a haɗe su a yi sabuwar fitowa. Fitowa ta 7.4, wadda ta zo a 2013, ta tara faci fiye da 2,300 kafin 8.0 ta zo a Satumba 2016. Fitowa ta 8.2 ta tara fiye da 5,000 kafin 9.0 ta zo a Yuni 2022.

Ƙanƙantar facin tana da amfanin da ba a gani nan take. Wani lokaci gyara a wani wuri yakan ɓata abin da yake aiki lafiya a wani wurin. Idan an san cewa abu yana aiki a faci na 1, ya lalace kafin faci na 1000, ba sai an duba dubun ɗaya bayan ɗaya ba. Ana gwada na 500. Idan lafiya lau, laifin yana gaba, idan ba haka ba yana baya. Ana ci gaba da raba abin biyu, kuma gwaji goma kacal ya isa a kama facin da ya jawo ɓarnar. Saboda kada kuskuren da aka kashe ya farfaɗo, ana haɗa yawancin faci da ɗan gwajin da kwamfuta take maimaitawa da kanta duk lokacin da aka taɓa rubutun tushe.

Tsakanin Bayit da Harafi

Babban ɓangare na gyare-gyaren da suka shafi harsuna irin Hausa ya samo asali ne daga wani tsohon zato da aka gina manhajoji a kansa, cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne. Bayit shi ne ɗan ma'aunin da kwamfuta take adana bayani da shi, kuma yana ɗaukar lambobi 256 ne kawai. Tsarin ASCII na Amurka ya yi amfani da 128 daga ciki, waɗanda suka ishi Turanci. Babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsu. Shi ya sa a da ake amfani da wasu zanen haruffa na musamman da suke aron gurbin wata alama su zana baƙi mai ƙugiya a wurin. Da zarar an buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da wannan zane, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma wasu alamomi.

Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, tsarin UTF-8 kuma, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ya nuna yadda za a adana lambobin. A UTF-8 harafin k bayit ɗaya ne, amma ƙ bayit biyu ne, haka ɓ da ɗ da ƴ. Kalmar kara bayit huɗu ce, ƙara kuwa biyar, duk da cewa kowacce harafi huɗu ce a ido. Editan da yake ƙirga bayit a matsayin harafi zai ajiye manuni a tsakiyar ƙ, ko ya goge rabinsa ya bar rabi, sauran kuma ya zama shara a cikin fayil.

Vim ya karɓi UTF-8 a fitowa ta 6.0, a 2001. Karɓar ba ta nufin aiki ya ƙare a ranar. Duk inda rubutun tushe yake cewa a matsa gaba da ɗaya, dole a koma a tambaya: ɗaya na bayit ko ɗaya na harafi? Irin waɗannan wurare suna da ɗimbin yawa, a wajen gogewa, bincike, naɗe layi da zaɓen yanki, kuma an shafe shekaru ana gano su ana yi musu faci.

Sauya ƙaramin baƙi zuwa babba ma misali ne mai kyau. A ASCII lambar a ita ce 97, ta A kuma 65. Tazarar 32 ce a dukkan haruffa, don haka ragi ɗaya ya wadatar. Baƙaƙen Hausa ba su bi wannan tsari ba. Lambar ƙ ita ce 409, ta Ƙ 408. Ta ƴ 436, ta Ƴ 435. Amma ɓ tana 595 alhali Ɓ tana 385, ɗ tana 599 alhali Ɗ tana 394. Dalili shi ne an ajiye ƙananan ɓ da ɗ a rukunin alamomin furuci na IPA, manyansu kuma a wani rukunin haruffan Latin. Babu lissafi ɗaya da zai haɗa su. Vim yana dogara ne da jadawalin da ake cirowa daga bayanan hukumar Unicode, kuma akan sabunta shi da faci idan Unicode ta yi sabuwar fitowa.

Karin Sauti da Facin 2014

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma rubutun nazari yana nunawa. A tsarin da ƙamusoshi da yawa suke bi, gajeren layi a kan wasali yana nuna tsawo, alama mai gangarowa tana nuna karin ƙasa. Da haka ake bambanta mātā, jam'in mace, da mā̀tā, wato matar aure. Unicode tana da ā a matsayin harafi guda, tana da à, amma ba ta da dunƙulallen harafin da ya haɗa alamomin biyu a kan a. Dole a yi amfani da alamar ɗorawa, wadda take da lambarta amma ba ta da gurbin kanta a layi, sai dai ta hau kan harafin da ya gabace ta.

A nan matsalar ɗalibin da aka ambata a farko ta samo tushe. Ana iya rubuta ā̀ ta hanya biyu: ā da alamar karin ƙasa, bayit huɗu ke nan, ko a da alamar tsawo da alamar karin ƙasa, bayit biyar. A ido babu bambanci. A wurin bincike kuwa abubuwa biyu ne daban. Idan mutum biyu suka buga matanin da allon madannai iri daban-daban, rabin kalmomin na iya ɓuya.

Tarihin Vim yana da misali na zahiri a kan wannan. Fitowa ta 7.4 ta zo da sabon injin bincike, aka kuma bar tsohon yana aiki tare da shi. A 2014 wani mai amfani da manhajar ya lura cewa idan aka nemi a, tsohon injin yana kamo a mai ɗauke da alamar ɗorawa, sabon kuwa ba ya kamowa. Tambaya ɗaya, fayil ɗaya, amsa biyu. Faci mai lamba 7.4.292 ya daidaita tsohon injin da sabon, ya zama a tsura ba ta kama a mai alama. Sai dai wannan ya bar wani giɓi, domin akwai mai son ya nemi wasalin ko da wace alama yake ɗauke da ita. Facin da ya biyo baya nan take, 7.4.293, ya ƙara alamar bincike \%C, wadda take cewa a tsallake duk alamar ɗorawa a wannan gurbi. Dama akwai \Z, wadda take yin watsi da alamomin ɗorawa a ilahirin abin da ake nema.

Facin farko gyaran kuskure ne, na biyu ingantawa ce, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsu tambayar kimiyyar harshe ce: shin a da à abu ɗaya ne? Ga mai nazarin ƙa'idojin rubutu, ɗaya ne. Ga mai nazarin karin sauti, bambancinsu shi ne kan aikin. Manhaja ba za ta iya yanke wannan hukunci ba, iyakarta ta tsaya a kan hali ɗaya sananne, ta kuma ba mai bincike hanyar zaɓen ɗayan. Ya kamata a lura cewa \%C da \Z ba sa warware dunƙulallen ā zuwa a da alamarta. Saboda haka wanda ya gaji matani daga hannaye da yawa, abu na farko shi ne ya mayar da rubutun duka zuwa siga ɗaya kafin ya fara ƙidaya. Umarnin ga yana nuna lambobin harafin da manuni yake kai, g8 kuma yana nuna bayit ɗinsa. Da su ake gane wace siga aka yi amfani da ita.

Akwai wasu saituna biyu da suka fito daga irin wannan buƙata. Saitin maxcombine yana ƙayyade yawan alamomin ɗorawa da za a nuna a kan harafi guda: biyu ne a asali, ana iya kai shi shida. Biyu sun ishi tsawo da karin sauti, amma mai rubutun furuci da ya ƙara alamar ɗan hanci a kansu yana buƙatar uku. Saitin delcombine kuma yana ba da damar goge alamar sama kaɗai a bar wasalin, abin da yake sauƙaƙa gyaran karin sauti a dogon matani. Masu aiki da ajami su ma suna da rabonsu, domin fitowa ta 6.2 a 2003 ta kawo tallafin rubutun Larabci, wanda ya haɗa da rubutu daga dama zuwa hagu da sauya siffar baƙi gwargwadon matsayinsa a kalma.

Iyakar Kalma: Kuskure ko Saiti?

Ba duk abin da ya ba mai amfani haushi ne kuskure ba. A Nijar ana rubuta ƴaƴa da baƙi mai ƙugiya, a Najeriya kuwa 'ya'ya da alamar ɗauri. Vim yana ɗaukar ƴ a matsayin harafi, don haka ƴaƴa kalma ɗaya ce a wurinsa. Alamar ɗauri ta allon madannai kuwa alamar rubutu ce a saitinsa na asali, saboda haka umarnin tsallake kalma yana tsayawa a tsakiyar 'ya'ya, haka ma a jami'a da sa'a da ma'ana. A Hausa wannan alama tana wakiltar baƙi ne mai cikakken matsayi, wato hamza.

Wanda ya kai wannan a matsayin kuskure, za a nuna masa saitin iskeyword, inda ake lissafa abin da ya cancanci zama cikin kalma. Ƙara lamba 39, wadda ita ce lambar alamar, yana magance matsalar a fayilolin Hausa. Ba a mayar da hakan saitin kowa ba domin a harsunan shirya manhaja alamar tana buɗe zance ne ta rufe shi. Iya rarrabe kuskure da saiti yana cikin abin da yake sa a saurari rahoton mutum.

Ɓarakar 2019

Wani kuskuren ya wuce ɓata ƙidaya. Vim yana da wata dabara: yana duba layuka biyar na farko da biyar na ƙarshe na fayil, ko an rubuta masa saiti a ciki, kamar faɗin layi. Domin kada mugu ya yi amfani da wannan ƙofa, ana gudanar da irin waɗannan saituna a cikin wani killataccen yanayi da ya hana umarni masu haɗari. A 2019 wani mai binciken tsaro, Armin Razmjou, ya gano cewa umarnin source ba ya duba ko yana cikin wannan killataccen yanayi. Sakamakon haka, buɗe fayil ɗin rubutu kawai yana iya sa kwamfuta ta aiwatar da umarnin wanda ya shirya fayil ɗin. An yi wa ɓarakar rajista da lamba CVE-2019-12735. Faci na 8.1.1365 ya toshe ta da ƴan layuka kaɗan, na 8.1.1366 kuma ya ƙara saitin modelineexpr, wanda yake a kashe sai mai kwamfuta ya kunna da kansa. Ga ɗaliban da suke musayar fayiloli ta filasha da WhatsApp, wannan dalili ne isasshe na sabunta manhaja. Umarnin :version yana nuna fitowar da mutum yake da ita da facin da ta ƙunsa.

Saɓani da Gado

Tsarin da mutum ɗaya yake tace kowane faci yana da inganci, yana kuma da jinkiri. A 2014 Thiago de Arruda, bayan ba a karɓi wani canji da ya gabatar ba, ya ɗauki rubutun tushen Vim ya kafa reshe mai suna Neovim, abin da lasisin manhajar ya halatta. Cikin abin da ake taƙaddama a kai akwai ba edita damar gudanar da wani aiki a bayan fage ba tare da ya daskare ba. Vim 8.0 ya zo da nasa tsarin yin hakan a 2016. Har yau Neovim yana ɗauko faci daga Vim yana ambaton lambobinsu, wanda ya nuna cewa lambobin sun zama abin dogaro har a wajen gidan da aka ƙirƙire su.

Moolenaar ya rasu ranar 3 ga Agusta 2023 yana da shekara 62. Aikin bai tsaya ba. Christian Brabandt da sauran waɗanda suka daɗe suna taimakawa suka ci gaba da shi, suka fitar da 9.1 a Janairu 2024, suka sadaukar da ita gare shi. Abin da ya sauƙaƙa wannan miƙa ragama shi ne gyare-gyaren da aka yi tsawon shekaru suna rubuce da dalilansu.

Kammalawa

Rahoton kuskure mai amfani yana kama da gwajin da ake yi a darasin tsarin sauti, inda ake kawo kalmomi biyu da suka bambanta a sauti ɗaya tak, kamar kara da ƙara, domin tabbatar da cewa sautin ne yake sauya ma'ana. Mai rahoto yana buɗe editan da umarnin vim --clean domin ya kawar da saitunansa na kansa. Yana rage matanin har ya koma layi ɗaya. Yana nuna cewa da k abu yana tafiya daidai, da ƙ kuma yana lalacewa. Sannan ya rubuta lambar fitowa, matakan da ya bi, abin da ya sa ran gani, da abin da ya gani. Rahoton da ya haifar da faci na 7.4.292 bai wuce haka ba: harafi ɗaya, injina biyu, amsa biyu.

Akwai kuma gudummawar da ba ta buƙatar sanin harshen C. Tun fitowa ta 7.0 a 2006 Vim yana duba kuskuren rubutun kalmomi, kuma umarnin :mkspell yana gina fayil ɗin dubawa daga jerin kalmomi tsura. Jerin kalmomin Hausa da aka tace bisa ƙa'idojin rubutu na Nijar, da ƴ da sauran baƙaƙe masu ƙugiya a sigarsu ta Unicode, aiki ne da ajin digiri na biyu zai iya ɗauka a zango ɗaya. Masu kula da Vim suna gyara abin da aka kawo gabansu ne, kuma halayyar ƙ, ɗ, ɓ, ƴ da alamomin karin sauti sai mai rubutu da su kullum ne zai fara lura idan ta karkace.